An sa muryata ta rera abin da bakina bai taɓa faɗa ba

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya iyali? Ni budurwa ce 'yar shekara 23, ina Unguwar Rimi a nan Kaduna, na gama karatu ina jiran tafiya bautar ƙasa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Shekara biyu ke nan ina cikin wani zauren WhatsApp na masu sha'awar manhajojin da ke rera waƙa, irin su Vocaloid da UTAU da Synthesizer V. Mutum zai rubuta baiti ya jera karin waƙar, kwamfuta ta rera. Mu kusan arba'in ne, yawanci 'yan Kaduna, da kaɗan daga Zariya da Kano. Kullum kukanmu shi ne babu muryar da ta iya Hausa, sai na ce zan ba da tawa. Wata uku na yi ina naɗa a cikin sif ɗin kayana, da ƙarfe biyun dare bayan maƙwabta sun kashe janareta, gaɓa sama da 300. Wata ƙawata ta Barnawa da muka yi makaranta tare ita ta yanka su ta saita. Da muka gama na ɗora a zaure kowa ya sauke kyauta. Na sa laƙabina a kai, na manta ban sa nata ba. Ta yi shiru, ni ma ban gyara ba.

Wata biyu da suka wuce wani ɗan zauren, ɗan Kawo, ya kwashi muryar ya zuba ta cikin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira. Yanzu duk abin da ya rera da bakinsa sai ya fito da muryata sak. Ya yi waƙar soyayya mai kalaman da ba zan iya maimaita miki ba, ya ɗora a TikTok. Na yi masa magana a zaure cikin fushi, na ce masa ɓarawo. Ya ce ai kyauta na bayar, ban kafa sharaɗi ba. Zaure ya dare gida biyu. Wasu na cewa masu ƙirƙirarriyar basira ragwaye ne masu cin gumin mutane, wasu na cewa ni da ire-irena girman kai ne da mu, mun ƙi ci gaba. Ƙawata da na zaci za ta tsaya min ta rubuta cewa yau na san zafin a ɗauki aikin mutum. Admin ya rufe zauren kwana uku, yana buɗewa aka ɗora daga inda aka tsaya. An ma buɗe wani sabon zaure babu ni a ciki, ana turo min hotunan abin da ake faɗa a kaina.

Masu goyon bayana sun ce in fallasa shi da sunansa da hotonsa a Facebook. Zuciyata kuma na cewa in goge komai in fita. Anti, an sa ranata bayan Babbar Sallah. Gidanmu ba su san da wannan ba, wanda zan aura ma bai sani ba. Ba na barci.

Ƙanwarki daga Unguwar Rimi.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma lura abin da ya hana ki barci shi kika tura can ƙarshe, kamar mai ɓoye nama a ƙasan miya. Za mu iso kansa. Bari mu fara da yaron nan na Kawo, don na ji kamar kin fara zargin kanki.

Abin da ya yi bai dace ba, kuma hujjarsa ta "kyauta kika bayar" ba ta da ƙafar tsayawa. In maƙwabciya ta ara miki turmi ba ta tsaya ta ce kada ki faskara shi ki hura wuta ba, amma ke da ita duk kun san ba don haka ta bayar ba. Ke gaɓoɓi kika ba da, ka, ki, ku, ɗa, ɗi, ɗu, domin mutum ya zauna ya harhaɗa su, kuma duk wanda ya ji sakamakon zai gane na'ura ce ke rerawa. Shi kuwa ya ƙera abin da ke kwaikwayon ki ke kanki, har wanda ya san ki zai iya rantsewa ke ce a gaban makirufo. Wannan wani abu ne daban, kuma bai nemi izininsa ba.

Kafin in amsa miki sai da na je gidan yayata a Malali na zaunar da ɗanta, wanda shi ma wannan harka ta tafi da hankalinsa, na ce ya nuna min da idona. Allo ne mai layi-layi kamar littafin lissafi, da madannan fiyano a tsaye a gefen hagu. Yana jan 'yan sanduna yana ajiyewa, kowace sanda gaɓa ɗaya. In ya ɗaga ta sama murya ta hau, in ya ja bakinta ta yi tsawo. Baiti ɗaya tak ya cinye mana daga la'asar har aka fara kiran magariba. Ya sa wata muryar Japan ta ce "lafiya", ta ce "rafiya". Ya sa ta ce "ƙarya", ta fito da kalmar da ba a kiran mace da ita, har uwarsa ta leƙo daga kicin tana tambayar wa ake zagi. Dalili kuwa Japananci yana da wasula biyar irin namu, a, i, u, e, o, kuma gaɓoɓinsa galibi baƙi ne da wasali, shi ya sa muryoyinsu ke kusa da Hausa fiye da na Turanci. Amma ba su da ƙ, ba su da ɓ da ɗ, ba su raba l da r. Synthesizer V ma, da ke iya sa murya ɗaya ta rera da Turanci da Japananci da Sinanci da wasu 'yan harsuna, Hausa ba ta cikinsu. To kin ga abin da kika yi a cikin sif ɗin nan ba wasan yara ba ne, giɓi ne na gaske kika cike, kuma shi ya sa har ake faɗa a kansa.

Yanzu ki dubi yadda masu abin suke yi tun asali. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya samar da Vocaloid, muryoyin farko suka fito kasuwa a 2004. Hatsune Miku, mawaƙiyar zane mai shuɗin gashi wadda ta fi kowa suna a wannan duniyar, kamfanin Crypton Future Media na birnin Sapporo ne ya fitar da ita ranar 31 ga Agusta 2007, kuma muryar wata mace ce mai rai, Saki Fujita, da ta shiga situdiyo da saninta aka naɗa bisa yarjejeniya. Muryoyin Synthesizer V na kamfanin Dreamtonics su ma da ƙirƙirarriyar basira suke aiki, haka Vocaloid 6 da ya fito a 2022, amma da yardar masu muryar aka gina su. Ashe ke nan layin da 'yan zaurenku suka ja, wai masu ƙirƙirarriyar basira a can, masu aikin hannu a nan, ba a wurin matsalar take ba. Tambayar ita ce ko mai murya ta yarda, kuma da me ta yarda.

Inda kika yi sakaci shi ne nan. UTAU, da wani Bajapane mai laƙabin Ameya ya fitar a 2008, an yi shi ne domin kowa ya iya naɗar muryarsa a gida, kuma al'adar masu yinsa ita ce su haɗa rumbun muryar, wato tarin gaɓoɓin da aka naɗa, da 'yar takarda da ke faɗin abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba: ko a yi kasuwanci da ita, ko a rera batsa ko siyasa, ko a sake rarraba ta. Tun da manhajojin juya murya suka bazu a 2023, da yawa sun ƙara layi guda cewa ba su yarda a horar da na'ura da muryarsu ba. Ke ba ki rubuta ba. Sakaci ne, ki karɓe shi a haka, amma barin ƙofa a buɗe bai halatta wa kowa kayan ɗaki ba.

Shi kuwa faɗan zaure, ƙanwata, ya girme ki. Tun da daɗewa masu Vocaloid, da ake saye da kuɗi, ke kallon UTAU a matsayin kayan talakawa mai murya kamar tsohuwar rediyo, su kuma masu UTAU na ganin su ne masu gumi. Abin dariyar shi ne ɗaya daga cikin muryoyin da aka fi so yau, Kasane Teto, a matsayin zolaya aka ƙirƙire ta a 2008 domin a yaudari mutane ranar wawaye ta Afrilu su zaci sabuwar Vocaloid ce. Ta zauna a UTAU shekara 15, sai a 2023 ta samu murya a Synthesizer V, waɗanda suka raina ta suka dawo suna rububin ta. A 2024 ma masoyan Miku a Amurka sun yi ta ɓaɓatu don an nuna ta a babban allon talabijin a wajen wasa maimakon gilashin da aka saba haska hotonta a kai kamar tana tsaye a dandamali. Mutane ne da kan yi faɗa a kan abin da na waje ba zai ma gane mene ne ba, kuma na san dalili. Wanda ke son abin da babu mai fahimta a gidansu da unguwarsu, in ya samu mutum arba'in masu irin zuciyarsa, zauren ya zame masa gida, ya zame masa wurin da ake sanin darajarsa. Duk abin da ya taɓa matsayinsa a ciki sai ya ji kamar an taɓa mutuncinsa gaba ɗaya.

Saboda haka ki buɗe ido da masu goyon bayan nan naki. Wasu na tare da ke tsakani da Allah. Wasu kuma sun daɗe suna jin haushin 'yan ɗaya ɓangaren, sai ga shi kin faɗo musu a hannu kamar sanda. Ki ƙirga, cikin masu zuga ki ki fallasa shi, mutum nawa ne suka kira ki suka tambayi yadda kike kwana? Nawa ne suka san an sa ranarki? Masu turo miki hotunan hirar sabon zaure kuwa ki ce musu sun gode, su daina. Mai kawo miki ta wani shi zai kai taki, kuma babu abin da kike ƙaruwa da shi sai ciwon kai da ƙarfe ukun dare.

Ki cire maganar daga zaure. Da kika kira yaron nan ɓarawo a gaban mutum arba'in, kin toshe masa hanyar komawa baya. Saurayi in aka kunyata shi a bainar jama'a ya gwammace ya dage a kan kuskure da a ce ya ji tsoron mace. Ban ce ki ba shi haƙuri a kan haƙƙinki ba. Cewa na yi ki buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da an yi masa ihu ba, don ke abin da kike so waƙar ta sauka, ba ki ga ya durƙusa ba. Ki rubuta masa shi kaɗai, a taƙaice, kamar haka: "Salam. Na yi magana cikin fushi a gaban mutane, da na same ka kai kaɗai ya fi. Amma ban yarda a kwaikwayi muryata da na'ura ba. Ina so ka sauke waƙar, ka goge abin da ka horar, ka kuma faɗa min ko ka ba wani. Ina jiran amsarka nan da mako guda." Kada ki ƙara wa'azi, kada ki yi barazana a wannan karon. In akwai wanda yake jin nauyi, admin ɗin ne ko wani babba a cikinku, ki sa shi a tsakiya. In ta kai ga haɗuwa, a yi ta da rana a wurin da mutane ke kai-komo, ki tafi da yayanki.

Kafin ki aika, ki adana hujja: adireshin bidiyon, ranar da aka ɗora, hirar da ya amsa da bakinsa cewa muryarki ya yi amfani da ita, da ainihin fayilolin da kika naɗa masu ɗauke da kwanan wata. Amsawar da ya yi a zaure ita ce babbar ribar da kika samu a duk wannan hayaniyar. In ya ƙi, TikTok na da hanyar kai ƙara a kan haƙƙin mallaka da kuma kwaikwayon mutum, YouTube ma tun 2024 ya ba mutum damar neman a sauke abin da aka kwaikwayi muryarsa ko fuskarsa da na'ura. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, ta shafi sautin da aka naɗa, ta kuma tanadi hanyar aika sanarwa a nemi shafin intanet ya sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Sau da yawa wasiƙar lauya mai shafi ɗaya kan yi abin da zagin wata biyu bai yi ba. Sai dai ba zan ruɗe ki ba, abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa duka.

Fallasa kuwa, a'a. Ba don tausayinsa na faɗa ba. Yanzu 'yan mutane kaɗan ne suka san muryar wace ce a waƙar nan. Ranar da kika rubuta dogon bayani da sunansa da hotonsa, ke da hannunki kin yi wa waƙar talla, kowa zai tafi neman ta ya ji. Shafukan tsegumi za su ɗauka, kuma ke ma kin san garin nan: ba "saurayi ya ci amana" za su rubuta ba, "budurwar da aka sa wa rana" za su rubuta. Magana zarar bunu ce. Ga kuma doka, ɓata suna laifi ne a dokokin hukunta laifuka na jihohin Arewa, kuma an sha kama mutane a ƙasar nan kan rubutun intanet a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Kina mai ƙara, kada ki mayar da kanki wadda ake ƙara.

Sai ƙawarki ta Barnawa, kuma a nan ki yi haƙuri zan ɗan ja miki kunne. Ɗan yayata ya nuna min aikin da ta yi. Kowace gaɓa da kika naɗa sai an buɗe hoton sautinta an saita mata lambobi biyar: inda za ta fara, inda za a yanke ta, iyakar baƙin da ba a son na'ura ta ja, yadda za ta rigayi bugun kiɗa, da yadda za ta hau kan gaɓar da ta gabace ta. Gaɓa 300 sau biyar, lambobi 1,500 ke nan, kowacce sai an saurara an gyara an sake saurara. Ba don wannan aikin ba, muryarki tarin tarkace ce mai tsalle-tsalle. Kin ce kin manta ba ki sa sunanta ba, sannan kika ce ta yi shiru ke ma ba ki gyara ba. Wanda ya lura an yi shiru ai ya tuna. Kin ji daɗin yabon, kin bar shi ya tsaya a kanki ke kaɗai.

Maganar da ta yi miki ta zo a mummunan lokaci, kuma laifinki da na yaron ba ɗaya ba ne, ko kusa. Rashin ambaton suna daban, sa wa mace kalaman banza a baki daban. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki hau Keke ki tsallaka gada ki same ta a gida, kada ki tura saƙo. Ki faɗa mata kin san abin da kika yi, ba tare da kin haɗa da "amma ke ma" ba. Tun da a gaban mutane aka tauye ta, a gaban mutane za a gyara: layi biyu a zaure cewa aikin na ku biyu ne kuma kin yi kuskure da ba ki faɗa ba tun farko. Wannan ce kaɗai maganar da nake so ki sake yi a zauren a yanzu. Wataƙila ta huce nan take, wataƙila sai a hankali. Ko ta wane hali, ita ma tana da haƙƙi a kan rumbun nan, kuma in ku biyu kuka ce a sauke, maganar ta fi nauyi.

Wani abu ma da na lura da shi a wasiƙarki, ke a Unguwar Rimi, ita a Barnawa, shi a Kawo. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan a 2000 da 2002, muka ga yadda mutane suka kwashe kaya wasu suka yi arewa da kogi wasu suka yi kudu, mun san zauren da ke haɗa yaran ɓangarorin biyu suna hirar abu ɗaya ba abin yarwa ba ne, ko da kuwa hirar 'yar tsana mai shuɗin gashi ce. Shi ya sa ba na gaggawar ce miki ki fita. Ki kashe ƙarar zauren na wata guda. Kada ki yi jawabin bankwana, don irin wannan jawabin abincin masu habaici ne na mako biyu. Bayan wata ki leƙa, in ana hirar waƙa ki zauna, in har yanzu ke ake ci ki fita shiru.

To, mu dawo kan naman da kika ɓoye. Ki faɗa a gida, kuma a makon nan, tun kafin amsar yaron ta zo. Labarin nan in ya shigo gidanku ta bakin wani, zai shigo ne a matsayin "an ji muryar 'yarku tana waƙar banza", kuma duk bayanin da kika yi daga baya zai zama kamar kare kai. In ke kika kawo shi, zai shigo a matsayin "an zalunce ni". Ki fara da mahaifiyarki, ku biyu a ɗaki. Kada ki cika ta da sunayen manhajoji. Ki buɗe kwamfutar ki kunna mata gaɓoɓin yadda kika naɗe su, ba, bi, bu, ta ji babu komai a ciki sai karatun 'yan aji ɗaya. Sannan ki ce ta faɗi duk jimlar da ta ga dama, ki rubuta a gabanta, na'ura ta rera da muryarki bakinki a rufe. Abin da ido ya gani ya fi bayanin awa guda. Za ta yi faɗa, ki shirya, musamman kan zaman cikin sif da tsakar dare wata uku ba ta sani ba. Ki bar ta ta yi. Ita za ta san yadda za a shigar da maganar wajen mahaifinki, da kuma ko sai an kai ga haka.

Wanda za ki aura shi ma ya ji daga bakinki, ki yi masa irin gwajin da kika yi wa mama. Yana da damar ya ji zafin an ɓoye masa abin da ya cinye miki shekara biyu, wannan ki ba shi haƙuri a kai. Yana iya zama mutum ne da bai yarda da harkar waƙa ba sam, malamai ma sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma gara ku san matsayin juna yanzu da a ce sai an kai ki ɗaki. Amma ki saurara da kyau ki ji a kan wa fushinsa ya sauka. In ya gane yadda abin yake sannan ya ci gaba da tuhumar ki da kalaman da ba ki furta ba, wannan magana ce da ya kamata mahaifiyarki ta sani kafin Sallah.

Batun goge rumbun, kada ki yanke hukunci yanzu da ido bai ga barci ba. Gogewa ba za ta ƙwato kwafin da ke hannun mutane ba, aikinki da na ƙawarki kawai za ta hallaka. Ki cire hanyar saukewa daga zaure yau, ki ajiye ainihin fayilolin a wuri biyu. In ƙura ta lafa kuka ga za ku sake fitarwa, ku zauna ku biyu ku rubuta sharuɗɗa da Hausa ƙarara: ba a horar da na'ura da ita, ba batsa, ba zagi, ba yaƙin neman zaɓe, ba tallar kaya sai da izini, ba a miƙa wa wani, kuma duk wanda ya yi waƙa ya ambaci laƙabin ku biyu. Ku riƙa ba wanda ya nema ya kuma amsa cewa ya karanta, maimakon a zube ta kowa ya ɗiba. Ku ba muryar suna nata na kanta wanda ba shi da alaƙa da naki, yadda masu harkar ke yi. In kuma kika ga ranki ya fita daga abin gaba ɗaya, muryarki ce, ba wanda zai tilasta miki.

In kun kai ga sake naɗa, ɗan yayata ya ce in roƙe ku ku kula da 'y da ts, da kuma r ɗin nan guda biyu, ta "rana" da ta "biyar". Ya yi mako uku yana fama ya sa na'urarsa ta ce "'ya'yan tsuntsu", har yau "yayan suntsu" take ce masa.